Ƙurar Ma'adinai da Jinin Yara: Abin da Ya Faru a Zamfara

Idan ana batun tafiyar da aikin haƙar ma'adinai, hankalin jama'a yakan tafi ga jari, da injuna, da takardar izini, da ruftawar rami. Amma akwai matsalar da ta fi saurin kuɓuce wa mai shirya aiki, wato wurin da za a niƙa dutsen da aka haƙo, da inda ƙurarsa za ta sauka.

A shekarar 2010 aka lura yara ƙanana suna farfaɗiya suna mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai ga dalma. Kimanin yara 400 suka rasu.

Dutsen da ake samun zinariya a cikinsa a wannan yanki cike yake da dalma. Da farashin zinariya ya tashi, sai masu haƙa suka riƙa kai dutsen cikin gari, ana farfasa shi a tsakar gida, ana niƙawa a busashe da injin irin na niƙan hatsi. Ƙura ta sauka a ƙasar da yaro ke rarrafe a kai, yana kai hannu baki.

To, me ya sa yara suka fi jikkata? Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, kuma hanjin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa. Daga nan ta isa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Wanda ya rayu ma, sau da yawa raunin fahimta yakan bi shi har girma.

Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, sai dai aikin banza ne muddin yaron zai koma gidan da ya gurɓata. Dole aka fara kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta, aka zuba sabuwa. A Bagega, rashin sakin kuɗi ya jinkirta wannan aiki har 2013, yara na jira.

A ganina haramta haƙa ba ya magance komai, domin talaka ba zai bar zinariya a gonarsa ba. Ɓoyewa kawai zai yi, ya koma niƙa a ɗaki. Abin da ya fi amfani shi ne a ware wurin niƙa nesa da gari, a jiƙa dutsen da ruwa, ma'aikaci kuma ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya shiga gida. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.