Baƙar Funfuna: Gwajin Minti 20 Da Ke Nuna Wa Likita Inda Wuƙa Za Ta Tsaya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Nima ko Mamobi da damina ya san funfuna, wadda ke kama burodi da hatsi idan sun sha danshi. Wani nau'inta kuwa mutum yake kamawa, likitoci na kiran cutar mukomaikosis, wasu su ce baƙar funfuna. A shekarar 2021 ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin funfunar da ke buƙatar kulawa ta musamman.

Ƙwayoyinta suna cikin ƙura da ƙasa, duk muna shaƙar su ba tare da sun yi mana komai ba. Waɗanda take kayarwa su ne masu ciwon sukari da ya hau sosai, da masu shan magunguna irin su deksametason barkatai, wanda wasu ke sha don su yi ƙiba. Takan fara daga hanci, ta shiga kogunan da ke cikin kumatu, ta toshe jijiyoyin jini har naman wurin ya mutu ya yi baƙi, daga nan ta nufi ido da ƙwaƙwalwa. Kusan rabin waɗanda ta kama ba sa tashi.

Tun da jini ba ya kai wa ga mataccen nama, allurar amfoterisin ba za ta isa wurin ba, tilas sai an yi tiyata. A nan likita ke shiga tsaka mai wuya: in ya yanke kaɗan cutar ta ci gaba, in ya zarce mutum ya yi asarar ido ko dasashi a banza.

Gwajin daskararriyar tsoka shi ke raba gardama. Majinyaci yana kwance a ɗakin tiyata za a gutsuro ɗan nama daga bakin inda aka yanka, a daskarar da shi cikin na'ura mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifiri, a fere shi siriri, a rina, a duba a madubin likita. Cikin kamar minti 20 amsa ta dawo. In an ga zaren funfunar sai a ƙara yanka, in ba a gani ba sai a dakata. Dokta Louis Wilson ne ya inganta dabarar a asibitin Mayo na Amurka a 1905. Sai dai wani lokaci funfunar kan ɓuya, shi ya sa ake tabbatarwa da cikakken gwaji mai ɗaukar kwanaki, kuma akan mai da mutum tiyata sau biyu ko uku.

Muna jan hankalin 'yan uwa fatake masu bin hanyar Aflawo da Paga: mai ciwon sukari da ya ji ciwon gefen fuska ɗaya, ko kumburin ido, ko ya ga baƙin ɓawo a hanci ko dasashi, kada ya ce sai an ci kasuwa. Ya nufi babban asibiti irin Korle Bu a ranar, inda akwai likitocin hanci da maƙogwaro da masu binciken tsoka. Dangi kuma kada su tsaya jan ƙafa wajen amincewa da tiyata, domin gwajin ba ya dawo da naman da ya riga ya mutu. Allah Ya ba mu lafiya, amin.