Muzuru mai ciwon suga a garin shanu

A Mubi, in aka ce likitan dabbobi, shanu ne ke faɗo wa mutum a rai. Kasuwar shanun garin na cikin manya a arewa maso gabas, ana koro dabbobi cikinta daga Kamaru da Chadi, a loda su a tireloli zuwa kudu. Kyanwa kuwa ta kanta take yi. Ana ajiye ta saboda ɓeraye, a zuba mata ragowar tuwo, in ta rame a ce tsufa ne ko ƙadangare ta ci.

Wani lokaci ciwon suga ne. Na kyanwa ya fi kama da wanda ke kama manyan mutane bayan ƙiba: jiki na samar da sinadarin insulin amma ya daina amsa masa, sai suga ya taru a jini. Muzuru ya fi mace kamuwa, musamman wanda aka dandaƙe, ya manyanta, ya yi teɓa, ya bar farauta. Magunguna irin su dexamethasone, da ake saurin ɗirka wa dabba mai ƙaiƙayi, su ma suna iya tayar da ciwon in aka daɗe ana ba da su.

Kyanwa ba mai yawan shan ruwa ba ce, don haka wadda ta koma zarya bakin randa, tana fitsari ba ƙaƙƙautawa, tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, a kai ta a duba. In ciwon ya yi nisa, jijiyoyin ƙafafun baya kan raunana har ta riƙa taka ƙasa da dugadugai. Awon jini sau ɗaya bai isa yanke hukunci ba, domin tsoro kaɗai kan sa sugan kyanwa ya hau. Shi ya sa likita ke haɗawa da awon fitsari, ko wani awon jini da ke nuna yadda sugan ya kasance a makonni biyun da suka wuce. Inda abin ya fi ƙarfin likitan gari, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Babban magani shi ne insulin, wanda aka gano a Toronto a 1921, kuma a jikin karnuka aka fara gwada shi. Ana yin allurar a ƙarƙashin fata, yawanci sau biyu a rana, tazarar awa 12. Allurar siririya ce, kyanwa da yawa ba sa ko waiwayowa. Inda ake yin ɓarna shi ne sirinji. Insulin na mutane irin su Lantus, wanda likitoci ke rubuta wa kyanwa, ƙarfinsa 100 ne, na dabbobi irin su Caninsulin kuma 40. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, kuma hakan na iya kashe ta.

Sai ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba na son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Ta Lantus da aka buɗe na jure kusan mako huɗu in zafi bai haura 30 ba, amma zafin Mubi a Maris da Afrilu ya wuce nan nesa, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. A nan dabarar Mohammed Bah Abba ke da amfani, malamin arewa da ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ba ta kai firji ba, amma ta fi aljihun tebur.

Kwanon abinci shi ne rabin jinya. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da shinkafa da burodi suga suke ƙara mata, haka busasshen abincin leda na kanti, wanda galibinsa hatsi ne. Nama, kifi da dafaffen ƙwai sun fi, sai dai tsoka zalla ba ta cika komai, likita zai faɗi abin da za a ƙara. Miya kuwa a'a, don albasa da tafarnuwa na lalata jinin kyanwa. Farasitamol guba ne gare ta.

In ta fara layi da makyarkyata bayan allura, suga ya faɗi ne: a shafa mata zuma a dasashi, a nemi likita nan take. Hakan kan faru har ga wadda ke samun sauƙi, domin kyanwar da aka kama ciwonta da wuri, aka gyara mata abinci, tana iya daina buƙatar insulin bayan 'yan watanni. Na'urar awon suga ta kemis da ɗigon jini daga gefen kunne za su nuna hakan, kuma da lambobin ne likita zai rage allurar ko ya dakatar da ita.