Bashin NELFUND: A Sauke da Wuri ko a Bi Ƙa'ida?

Duk wanda ya bi titin Dutsin-Ma daga birnin Katsina ya ratsa ƙasar Batagarawa ya san titin na 'yan makaranta ne. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tun daga 2024, ɗaliban irin waɗannan makarantu na gwamnati suka sami abin da yayyensu ba su samu ba, wato rancen karatu daga asusun NELFUND. A yanzu hirar ɗalibai ba ta wuce ko kuɗin wata ya shigo. Iyaye kuwa sun riga sun hango gaba: in Allah ya hore, a biya bashin nan tun kafin lokacinsa, ko a bar shi ya bi tsarinsa?

Amsar tana cikin sharuɗɗan bashin. Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokar rancen ta farko hannu a ranar 12 ga Yuni, 2023, sai dai ta zo da tarnaƙi, har da neman masu tsaya wa ɗalibi da ƙayyade abin da gidansu ke samu. Aka soke ta aka yi sabuwa a ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka buɗe shafin neman rancen a ranar 24 ga Mayu. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura shi asusun makarantar, ɗalibin da ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. A nan ne da yawa ke ruɗuwa, suna kiran wannan kuɗi alawus kamar kyauta ce. Shi ma bashi ne, kuma yana cikin lissafi.

Abu mafi muhimmanci shi ne rancen ba shi da kuɗin ruwa. Abin da aka karɓa shi za a mayar. Ba a fara bin mutum sai ya shekara biyu da gama hidimar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin takardar rantsuwa a ƙara masa lokaci, amma in ya yi ƙarya a cikinta, ɗaurin shekara 3 ne.

Wannan ne ya raba lissafin ɗan Batagarawa da na ɗan Amurka. A can, bashin karatu da gwamnatin tarayya ke bin jama'a ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma ruwa na hawa kansa kullum, shi ya sa mai hali ke gaggawar rabuwa da shi. A Najeriya kuwa bashin tsaye yake wuri ɗaya, naira ce ke tafiya ta bar shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo.

A ɗauki misalin matashin da ake bi naira 600,000, ya sami aikin naira 100,000 a wata. Za a riƙa cire masa 10,000, ya gama cikin shekara 5. In farashi na tashi da kashi 20 a kowace shekara, 10,000 ɗin da zai biya a watan ƙarshe ba za ta sayi abin da ya wuce na wajen 4,000 a farkon biyan ba. Da ya tattara 600,000 ya miƙa a rana ɗaya, ya biya da naira mai ƙarfi ke nan abin da doka ta yarje masa ya biya da naira mai rauni, kuma ko kwabo ba za a rage masa ba saboda saurin da ya yi.

To ina kuɗin ya fi dacewa ya tafi? Na farko, ga bashin da ke ciwo. Matashin da manhajar ba da rance ta waya ke bi, wadda ruwanta ke ninkuwa cikin 'yan makonni, ba shi da dalilin kallon NELFUND tukuna. Haka wanda ya ci bashin ɗan'uwa ko mai shago, domin waɗannan mutane ne masu buƙata, kuma hauhawar farashin da ke sauƙaƙa wa mai biya ita ce ke cin su. Bayan nan sai ajiyar ko-ta-kwana. Asusun ba zai dawo wa kowa da kuɗinsa ba don mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, kuma mai albashin da bai fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da yawa ba, ciwo ɗaya ya isa ya jefa shi hannun masu ba da bashi da ruwa.

Sai jari. Rumfar POS, ɗinki, kiwon raguna kafin Layya, noman rani a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa, duk wurare ne da 600,000 za ta iya haihuwa. Mai gudun riba ta haram kuma yana da Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, ana shiga da naira 10,000. Sai dai jari ba ya rantsuwa. Waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 suna jiran ta yi tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Kuma akwai mutumin da kuɗi ba ya kwana a hannunsa: biki, sabuwar waya, 'yan'uwa masu zuwa da uzuri. Irin wannan, in ya san halinsa, gara ya biya ya huta.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba sa wasa da shi. A wurin jana'iza akan yi shela, duk wanda ke bin mamaci ya zo ya faɗa. Uban da ya ce ba zai iya barci ɗansa na ɗauke da bashi ba, ba rashin iya lissafi ke damunsa ba, kwanciyar rai yake saye, kuma ita ma tana da daraja. Abin da ya kamata ya sani shi ne dokar 2024 ta yi tanadin yafe bashin idan wanda ya ci ya rasu. Sannan abin da malamai ke tsawatarwa a kai shi ne mai hali ya yi ta jan ƙafa bayan wa'adi ya cika. Wanda ke biya daidai da yarjejeniya bai ci amanar kowa ba.

Jinkiri bisa ƙa'ida daban, ƙin biya daban. Ƙasar nan ta taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma rashin dawo da kuɗi na cikin abubuwan da suka durƙusar da ita. In aka maimaita haka, ƙannen da ke firamare yau a Batagarawa su ne za su tarar da asusu wayam.

Saboda haka, wanda arziki ya buɗe masa har 600,000 ba ta taɓa cefanen gidansa, ya biya da wuri, ya taimaki na baya. Sabon ma'aikaci ko mai ƙaramar sana'a kuwa kada ya sayar da gona ko ya karya jarinsa don bashin da ba ya ƙaruwa. Ya adana takardunsa, ya san ainihin adadin da ake bin sa har da kuɗin ɗawainiya, kuma idan lokaci ya yi, ya tabbatar kashi 10 ɗin na fita kowane wata.