Ina Masu Masaukin Zango?

Daga Zango Janshin na Madina zuwa East Legon, tafiyar trotro ce da ba ta kai a gyara zama ba idan hanya ta yi kyau. A can East Legon ɗin ne makarantar MEST take, wadda wani ɗan ƙasar Norway, Jorn Lyseggen, ya kafa a 2008 domin horar da matasa su gina kamfanonin manhaja, ta kuma zuba wa wasunsu jari. Jami'ar Legon da ta UPSA duk maƙwabtanmu ne. Amma yaron da ke gyaran waya a bakin kasuwar Madina, wanda zai buɗe cikin waya ya gano cutarta kafin shayinka ya huce, yana iya tsufa bai taɓa taka ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba. Babu mai korarsa. Bai dai san kowa a ciki ba, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Wannan matsala kakanninmu sun san ta, sun kuma yi mata magani tun kafin a haifi kalmomin da ake yayi yanzu a tarukan otal. Zango asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ne. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro suna isowa ne garin da ba su da dangi, ba sa jin yaren mutanensa. Wanda ke karɓar su shi ne mai masauki. Ya ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Mafi girma duka, ya tsaya masa: idan baƙo ya ɗauki goro bashi, sunan mai masauki aka ba wa, idan kuma aka ci amana shi za a kama. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, kamar yadda tsofaffi ke kiran Akra, suka tafi da wannan tsari. A cikinsa Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji da ya biyo sawun mahaifiyarsa zuwa Akra, ya ƙware a fataucin goro har yana loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin ya koma Kano ya zama attajirin da ake misali da shi.

Abubuwa da dama sun raunana tsarin. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su fice, ta kwashe manyan 'yan kasuwar Zango da yawa, ta tsinke amanar da aka yi shekaru ana ƙullawa. Kasuwanci kuma ya koma hannun banki, shi kuwa banki takarda ya sani. Gidajen Nima da Maamobi da yawa na gado ne, magada goma a kan gida ɗaya, ba mai iya kai shi jingina. Ko an samu jinginar, ruwan da ake ɗorawa ya isa ya kashe sana'a tun tana jaririya: a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30. Ga kuma wanda ko kyauta aka ba shi bashin ruwa ba zai karɓa ba saboda riba haramun ce, alhali Najeriya ta samu bankin Jaiz tun 2012, mu kuwa mun daɗe muna jin maganar a baki. Waɗanda suka fake a ƙananan kamfanonin bashi sun ga abin da ya faru a Mayun 2019, da aka soke lasisin guda 347 a rana ɗaya. Saura adashi da mai susu, wato mai karɓar ajiya. Adashi yana sayen keken ɗinki ko firiza, amma ba ya jiran sana'ar da sai ta shekara biyu kafin ta fara kawo riba.

Gwamnati ta taɓuka. A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango da ma'aikata ta musamman, ministanta na farko ma, Alhaji Boniface Abubakar Saddique, shi ne ɗan majalisar Madina a lokacin. An ga ajujuwa da filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an yi horon sana'a, sannan a 2021 aka rushe ma'aikatar. Daga cikin al'umma kuma akwai masu ƙoƙari na gaske: ZongoVation Hub ta Mahmoud Jajah tana koya wa matasa aikin kwamfuta, Achievers Ghana a Nima ta haɗa hannu da Regina Honu ta Soronko aka koya wa 'yan mata rubuta manhaja. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne ranar da aka gama horo, aka ɗauki hoto da takardar shaida. Washegari yarinyar da aka horar wa zai ba ta aikin farko?

Abin dariya, a ƙwallo mun iya wannan. Mohammed Kudus ya fara ne a ƙungiyar Strong Tower ta Nima, aka miƙa shi makarantar Right to Dream, daga nan Denmark, sai Ajax a 2020. Kowane mataki akwai wanda ya ce, na san yaron nan, ku gwada shi. Mai ɗinki da mai manhaja da mai haɗa yaji a kwalba su ne ba su da irin wannan tsani.

Mai masaukin yau ba sai yana da zaure da turken jakuna ba. Alhajin da ke da motocin haya goma, wanda har gobe lissafinsa na cikin littafin da ya jiƙe da man inji, idan ya ba yaron unguwa kwangilar tsara masa lissafin a waya, ya kuma biya shi kuɗin aiki cikakke maimakon "Allah ya yi albarka", ya yi masa abin da horon wata shida bai yi ba, domin yanzu yaron yana da sunan da zai ambata a ƙofa ta gaba. Ma'aikaciyar da ta san hanyar ofishin rajistar kamfanoni da hukumar abinci ta FDA, idan ta ware Asabar ɗaya a wata ta zauna da masu koko da fura da burkina ta nuna masu yadda ake cike takarda, kayansu za su iya hawa kantar manyan shaguna. Wake da shinkafar da duk Ghana ke ci da sunan waakye daga tukunyar iyayenmu mata ta fito, amma sau nawa ka ga sunan Zango a jikin leda mai tambari?

Sai maganar jari, inda muka fi jin kunyar juna. 'Yan boga, 'yan uwanmu da ke Hamburg da Bronx, suna turo kuɗi, akasari a zuba a bulo. Da yawansu sun taɓa ba ƙane jari ya narke a biki da suna da asibiti, suka rantse ba su ƙarawa. Laifin a nan na rashin rubutu ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma mu muna ganin neman sa hannu kamar zargi ne. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai sana'a ya kawo ƙarfinsa, a rubuta kason riba, a rubuta wanda zai ɗauki asara idan ba sakaci aka yi ba, limami ko magajiyar kasuwa su shaida. Shi kuma matashi ya raba layin MoMo, wato kuɗin waya, na sana'a da na aljihunsa. Tun 2009 da MTN ta kawo wannan hanya, kowane sidi da ya shiga yana barin sawu, kuma sawun wata goma sha biyu hujja ce da za a ajiye a gaban mai jari ko a bes ɗin da ake shan ataya ne.

Kada kuma a ɗauka masu masaukin zamanin da sadaka suke yi. La'ada suke karɓa a kan kowane cinikin da aka ƙulla a zaurensu, shi ya sa suke tsayawa tsayin daka baƙonsu ya sayar, ya kuma dawo baɗi. Wanda ya tsaya wa matashi a Madina yau, shi ma a yanka masa kasonsa a fili, kashi biyar ne ko goma, a sa a takardar tun ranar farko.