Tazara mai kaurin ƙusa a rufin ɗaki

A Magama, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, da rani ake gini. An kawar da amfanin gona, kuɗi sun shigo hannu, babu ruwan da zai ɓata bulo, sai kowa ya himmatu ya rufe ɗakinsa ko shagonsa kafin hadarin farko. Lissafin daidai ne, sai dai akwai abin da ba a cika sawa a ciki ba: allon da aka kafa a Janairu ko Maris, an kafa shi ne a lokacin da ya fi tsukewa a duk shekara.

Katako ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi, ko ya shekara ashirin da sarewa. Da hunturu danshin iska a wannan yankin yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa ya haura 70. Shi ya sa ƙofar da ke rufuwa salin-alin da rani take cijewa da damina. Haka allon filawud ko na silin, mai ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo, yake ƙara 'yan milimita idan ya sha danshi. A allo ɗaya ido ba zai gani ba. Amma idan an jera goma an matse su baki da baki, kumburin ba shi da wurin zuwa sai sama ko ƙasa. Nan za ka ga mahaɗar ta yi tozo, fenti ya tsage, kan ƙusa ya leƙo waje.

A Amurka, inda galibin gidaje ake shimfiɗa musu alluna a kan sandunan rufi kafin a ɗora abin tare ruwa, ƙungiyar masu ƙera allunan, APA, ta daɗe da ba da ma'auni: a bar tazarar kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kusan milimita 3, a kowane gefe. Kafintocin can ba sa wahalar da kansu da tef. Ƙusa mai inci 3 suke sokawa tsakanin allo da allo, su kafe, sannan su zare ta. Mu nan irin wannan shimfiɗa sai a manyan gidaje, amma silin yana ko'ina, kuma ƙa'idar ɗaya ce.

A ganina laifin ba duka na kafinta ba ne. Sau da yawa mai gida ne zai ɗaga kai ya hango 'yar kafa, ya ce, "Malam, wannan aikin ai bai haɗu ba." Kafinta kuma, don gudun a riƙe masa ciko, sai ya matse. Ranar biya kowa ya rabu da murna, Agusta na zuwa a fara cewa an sayar musu da allon banza. Alhali siririn katakon nan da ake bi da shi kan mahaɗar silin aikinsa ke nan, ya rufe tazarar ido bai gani ba, allon kuma ya samu wurin motsi. Haka ma inda allo ya tarar da bango.

Sandunan rufi kuwa, su tubaitu da tubaifo, matsalarsu ta juya. Daga dazuzzukan kudu ake lodo su, galibi da sauran ɗanyantaka. Idan aka kafa su daga saukewa, a saman ɗaki za su bushe, su tsuke, su murɗe, ƙusa ta saki. Gara a jera su a inuwa na wasu makonni, da 'yan itatuwa a tsakani don iska ta ratsa.

Kwano shi ba ruwansa da danshi, zafi ne ke motsa shi. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙarar miƙewarsa ce. Dogon kwanon alminiyom mai mita 6 yakan ƙara fiye da milimita 5 idan zafinsa ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar. Na ƙarfe kuwa wajen rabin haka. Kullum sai ya miƙe ya koma, yana cin bakin ramin ƙusa a hankali, har wata damina yoyo ya ɓullo daidai wurin. Don haka ake son ƙusa mai robar tare ruwa a ƙarƙashin hularta, a buga ta a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a tsaya da zarar robar ta zauna, kada a danne har kwanon ya lotsa.