Asalin Ƙoramun Taurari a Cikin Majarra

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana asalin abin da masana ilmin falaki ke kira ƙoramun taurari, watau dogayen jerin taurari masu tafiya tare a kan hanya guda suna kewaya Majarra. Majarra kuwa ita ce babbar rundunar taurarin da Rana take cikinta, wadda muke hangen farin zanenta a sama in dare ya yi duhu.

Bari mu ɗauki misali daga karofin Ƙofar Mata a birnin Kano. Idan marini ya tsamo zane daga rijiyar baba ya nufi wurin shanya, ruwan shuni kan riƙa ɗiga a ƙasa, har wanda ya zo daga baya ya gane hanyar da ya bi. Kusan haka al'amarin yake a sama. Duk sa'ad da ƙaramin gungun taurari ya kusanci Majarra, ƙarfin jawowarta yakan fi tsanani a gefensa na kusa bisa na nesa, sai ta riƙa yagar taurari daga jikinsa. Bambancin kawai shi ne, taurarin nan gaba da baya suke zuba, su shimfiɗu a kan hanyar kewayawarsa.

Tushen ƙoramun nan iri biyu ne. Siraran cikinsu daga curarrun gungun taurari suke fitowa, kamar jelar Palomar 5 da aka gano a 2001, da GD-1 a 2006. Masu faɗi kuwa ragowar ƙananan majarrori ne da tamu ke haɗiyewa. Mafi shahara cikin waɗannan ƙanana ita ce wadda Ibata da Gilmore da Irwin suka gano a 1994 ta wajen burujin Ƙausu, wadda ƙoramarta ta kewaye Majarra baki ɗaya. A 1999 kuma Amina Helmi da abokan aikinta suka nuna ɓurɓushin wata irinta a kusa da Rana. Sa'an nan kumbon Gaia, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013 ya kuma gama aiki a 2025, ya auna motsin taurari fiye da biliyan guda, aka ƙara gano ƙoramu da dama.

Daga wannan muke fahimtar cewa Majarra ba lokaci guda ta haɗu ba, da kaɗan da kaɗan ta girma ta hanyar haɗiye ƙananan maƙwabtanta. Haka kuma, da lanƙwasar ƙoramun nan ne masana ke auna nauyin wani ɓoyayyen abu marar haske da ya lulluɓe Majarra, wanda ya rinjayi nauyin taurarinta duka.