Zafi ne ke kiwon tsutsar tomati

Duk mai garka a Dogarawa ko Jirataua ya san abu guda. Tomatin da aka dasa da sanyi yana yin kyau. Wanda ya kai bazara kuwa, sau da yawa tsutsa ce ke cinye shi. Masana aikin gona sun gano dalilin haka, har suna iya lissafa shi.

Tsutsar nan ɗiyar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai fita da dare. Masana na kiranta Tuta absoluta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga Sifen a 2006. A 2016 ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna, inda manoma ke ce mata sharon. Tana shiga cikin ganye tana ci, sannan ta huda ƴaƴan. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai wajen 250.

Jikin ƙwaro ba ya da ɗumin kansa. Zafin gari ne ke sa shi girma. In sanyi ya kai wajen digiri 8, wannan tsutsa ba ta girma. Daga ƙwai har ta zama uwa, tana bukatar tara zafi kamar 460, tamkar mai cika asusu.

Ga yadda ake lissafin. Kowace rana ana duba matsakaicin zafinta, a cire 8, a ajiye abin da ya saura. Ranar hunturu mai digiri 20 tana ba da 12. Ke nan sai bayan kwana 38 asusun zai cika. Ranar da zafi ya kai digiri 28 tana ba da 20. Kwana 23 kawai sun isa jikoki su fito. Shi ya sa garkar da ke lafiya a watan Janairu takan lalace a watan Maris.

Da wannan lissafi, malamin gona yana iya sanin makon da sababbin ƙwai za su ƙyanƙyashe. Lokacin ne magani ya fi ci, kafin tsutsa ta ɓuya cikin ganye. Wanda ya fesa bayan ta shige, ya zubar da kuɗinsa.

Manomi ma yana da nasa aiki. Ya yi reno a watan Oktoba, ya dasa a Nuwamba, don ya tsinke kafin zafi. Ya duba bayan ganye sau biyu a mako. Ya cire ganyen da ya ga hanyar tsutsa a ciki, ya ƙone. Ruwan ƴaƴan bedi yana taimakawa in an fesa da wuri, da marece. Bayan girbi kada a bar tsohon tomati tsaye, domin nan ƙwaron ke jiran shuka ta gaba.

Wanda ya makara da dashe, shi da tsutsa za su raba amfanin garka.